Gwaggo Hansai da Kabejin Walima

Duk wanda ya san Gwaggo Hansai ta Toranke ya san ba ta zuba bama a kabeji sai ta ji sallamar baƙi da kunnenta. Cewa take kabeji munafuki ne, ruwa yake ɓoyewa, sai an yarda da shi ya saki. Yayar babanmu ce, kuma ban taɓa ganin mai kafiya irinta ba.

Wuƙarta ɗaya tal, ta sha washi har ta koma kamar tsinke. Na taɓa sayo mata abin goga kabeji daga Kano. Ta juya shi, ta sa mini albarka. Da na koma bayan sati, da shi aka tokare ƙofar akurkin kaji.

Ita sai ta yanka siriri, ta barbaɗa gishiri, ta matse a ƙyallen tatar koko, sannan karas, masoro da 'yar citta. Ka tambaye ta awo, ta ce hannunka ba shi da ido ne?

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta aikina na farko a girkin taro, walimar sauka a wata Islamiyya a Gaya. Matar shugaban makarantar, Hajiya Balaraba, ta faɗa mini ƙarara: gwaji ne, in na kunyata ta, ba ni ba girkinsu har abada. Gwaggo ta hawo acaɓa da wuƙarta, ba wanda ya gayyace ta. Tana zuwa ta kwashe kwalaben bama ta binne a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, ta ja kujera ta zauna a wajen.

Ga zafi, ga ba wuta. Shinkafa ta nuna, kaji sun soyu, kabeji na nan tsirara. Na roƙe ta har da hawaye, ta ce ita ba ta ji sallama ba. Tsoro ya sa na zaro kwalba ɗaya da na ɓoye, na haɗa roba guda a ɗaki tun da hantsi.

Sai bayan la'asar baƙi suka iso. Gwaggo ta miƙe tana haɗa nata, ni kuma ina rabon shinkafa, sai na hango Hajiya Balaraba ta fito daga ɗaki da robata a buɗe. Kabeji na iyo a farin ruwa, tsami na tashi.

"Wa ya yi wannan?"

Kafin na buɗe baki Gwaggo ta ce, "Ni ce, Hajiya. Tsufa ne. Ga na yarinyar nan, ɗanɗana."

Ta miƙa mata nata. Hajiya ta kai cokali baki, ta ƙara, ta ce ya kamata Gwaggo ta zauna ta koya a wajena.

"Ai shi ya kawo ni," in ji Gwaggo.

Matar da ko a kan gishiri ba ta taɓa yarda ta yi kuskure ba! Har ta rasu ba ta tayar da zancen ba, ni kuma har yau ni ke girkin makarantar, da wuƙarta nake yanka. Allah, yadda ta rufa mini asiri a gaban mutane, Ka rufa mata nata, Ka sanyaya makwancinta.