Waifai Ba Ya Tsayawa a Katanga

Iyaye mata, ku kula. Waifai ba ya tsayawa a katangar gida.

Jiya maƙwabciyata ta shigo, ko zama ba ta yi ba.

"Maman Sa'a, unguwa ta ɗauka wai samarin da ke taruwa bayan tagar 'yarki wurinta suke zuwa."

Na kira Sa'a. Tana kuka ta ce, "Umma, wallahi ban san su ba. Ƙawata kaɗai na ba lambar sirrin waifai ɗinmu."

Ashe lambar ta zaga unguwa, na'urar waifai ɗin kuma tana ɗakinta, jikin taga. Sun sha data, sun ɓata wa yarinya suna a Kazaure.

An canza lambar, na'ura ta dawo ɗakina. Daga yau mai so ya miƙo wayarsa, ni zan saka da hannuna.