Ranar da Ganga ta Zagi Baba

A shekarar da Baba ya kwanta, babu kalmar da na tsana kamar "sannu". Na san gaisuwa ce, na san lada ake nema da ita, ni ma na faɗe ta ga mutane ba adadi. Amma wata huɗu na yi ina kallon yadda take danne mahaifina a kan tabarma kamar an ɗora masa buhun masara a ƙirji.

Ana gab da shuka ciwon ya same shi. Ya dawo daga masallaci da safe, Inna ta miƙa masa koko, ya kai hannu zai karɓa, hannun ya ƙi. Kafin hantsi bakinsa ya karkace. Muka kai shi asibiti a Funtua, likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki na dama. Da za a sallame mu, mai gashin ƙashi ta ja ni gefe ta ce, "Ƙafar nan ba ta mutu ba. Ku riƙa tayar da shi. In ya so, zai taka."

To, bai so ba. Da muka dawo da shi ƙauyenmu, can tsakanin Malumfashi da Kafur, sai ya juya fuska ga bango. In an zo motsa masa ƙafa ya ture mutum da hannun hagu. Tuwo loma biyu ya kau da kai. Maganarsa ta zama a dagule, da ya ga ana wahalar gane shi sai ya daina gaba ɗaya. Mutane kuwa ba su fasa zuwa ba. Su cika ɗaki, su yi ƙasa da murya, "Sannu Malam, Allah ya sa kaffara ne." Su fito tsakar gida su girgiza kai, wasu har da share hawaye, a gabansa, ƙofa a buɗe. Mutum na numfashi ana yi mana ta'aziyyarsa.

Ni malamar firamare ce a Funtua, can nake aure. Duk Juma'a in an tashi sai in hau mota in taho, in koma ran Lahadi da yamma. Kullum na zo sai na tarar ya ƙara ƙanƙancewa. Tsoro nake ji, kuma ni in tsoro ya kama ni faɗa yake zame mini. Na yi faɗa da Inna, na yi da 'yan dubiya, na yi da mijina da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san wane ne a kwance a wurin. A zamanin da ake gayya a yankinmu, ba a fara huɗa sai Baba ya iso. Ina yarinya mu ne masu kai fura gona. Za ka ga maza sun jeru da garma, makaɗi na bin su a baya da gangar noma, kowane manomi da takensa. In an kaɗa naka, dole ka amsa, ka ɗaga garma ka yi kirari ka ƙara wuta. Taken Baba, abin da ganga ke faɗa shi ne, "Bijimin gaba, ba ka waiwaye." Akwai kuma wani kiɗa da kowa ke gudu, na wanda ya gaji ya sulale gindin itace: "Raggo ya ga inuwa, a kai masa tabarma." Duk wanda aka kaɗa wa wannan, sai ya shekara yara na bin sa da shi. Baba ya tsufa ba a taɓa kaɗa masa ba, kuma yakan faɗi haka da bakinsa, don Baba ba ya raina kansa.

Wata Asabar ina wanke kayan shimfiɗarsa a bakin tagar ɗakin. Raina a jagule, na gaji da kuka, sai na kife bokiti na hau buga shi da tafin hannu, ban ma san abin da nake bugawa ba. Ni dai na ji ƙirjina na sakin nauyi. Ashe taken Baba ne hannuna ya tuno. Inna ta leƙo daga ɗakin ta ce, "Ke, sake."

Na sake. Ta yafito ni. Fuskarsa tana bango kamar kullum, amma yatsun hannunsa na hagu suna bin kiɗan a kan tabarma.

Da la'asar na sami Yaya a zaure. Shi ne babba a gidanmu, yana sayen hatsi, kuma tun da Baba ya kwanta shi ke riƙe da gidan. Ba zan ci amanarsa ba, kullum da safe sai ya zauna a gefen Baba ya karanta masa Alƙur'ani, shi ke yi masa wanka, shi ke juya shi. Na ce masa zan je in kira makaɗin Baba.

Ya dube ni kamar na zare. "Ganga? A gidan nan? Mutum yana wannan hali, abin da ya kamata kunnensa ya ji ke nan?"

"Wane hali, Yaya?"

"Kin fi ni sani. Ki bar bawan Allah ya cika da kyau."

"Wa ya ce maka cikawa zai yi? Likita ko mai gashin ƙashi? Ku ne kuka haƙa masa kabari da baki, shi kuma ya ji kunyar ƙin shiga."

Ya ce ba ni da kunya, na ce na ji. Ya ce mutanen gari za su ce mun kawo Bamaguje yana kiɗa a kan marar lafiya. Na ce mutanen gari sun yi wata huɗu suna zuwa da sannunsu, a nuna mini yatsa ɗaya da ta motsa. Muryoyinmu suka kai cikin gida, Inna ta fito, ita da ba ta saba sa baki a maganar maza ba. Ta ce, "Gidan mijina ne, kuma bai mutu ba. Karatu ba za a fasa ba. Ganga kuma a kawo." Yaya ya shura takalmi ya fita.

Washegari na hau acaɓa zuwa unguwar Maguzawa, a tsallaken rafi. Makaɗin abokin Baba ne tun suna samari. Baba na salla, shi ba ya yi, kuma ban taɓa jin wannan ya shiga tsakaninsu ba. Da layya Baba kan aika masa cinya, shi kuma in ya haƙe gyaɗa tamu ce ta fari. Na same shi yana gyaran shingen awaki, ya tsufa, haƙoransa saura kaɗan. Gangar tana rataye a jikin rumbu, gizo-gizo ya yi mata riga. Ya ce tun da maganin feshi da tarakta suka zo, ga gonakin nesa an bar su saboda 'yan bindiga, wa zai kira gayya?

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce, "Yana ci?"

"Ba ya ci, Baba."

"Me ake ce mashi?"

"Sannu."

Ya tofar da yawu. "Yo ai kun gama da shi. Ni da na je gaishe shi, da na ga yadda ake yi, ko zama ban yi ba." Ya sauko da gangar ya ƙwanƙwasa fatar, ta yi wani luɓus. Ya ce sai ta sha rana kafin ta yi magana, in sa ido ran Asabar. "Amma ɗiyata, da sharaɗi. Duk abin da na kaɗa, kar wanda ya riƙe mani hannu." Na ce na yarda, ban san abin da na yarda da shi ba.

Ran Asabar da hantsi ya iso, ganga a kafaɗa. Yaya bai je kasuwa ba, ya tsaya a bakin zaure ya harɗe hannu. Matan maƙwabta suka cika katanga da kawuna. Makaɗi bai shiga ɗakin ba, bai yi gaisuwa ba. Ya tsaya a tsakar gida daidai ƙofa, ya ɗaga gula, sandar kiɗansa, ya saki taken Baba.

Na ga gonar, na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ina durƙushe kusa da Baba, na ga ya buɗe ido, na ga hawaye na bin karkataccen bakin nan. Sai ya ja mayafi da hannun hagu ya rufe kansa. Makaɗi ya yi ta kira, babu amsa. Na ɗaga kai muka haɗa ido da Yaya. A raina na ce na yi ɓarna, na tuna wa mutum abin da ya rasa.

Sai kiɗan ya canja.

Tsofaffin matan da ke kan katanga su suka fara ganewa, wata ta ce "La'ilaha!" Inna ta toshe baki. Kiɗan raggo ne. Bai ma bar wa ganga ita kaɗai ba, ya buɗe bakin nan marar haƙora ya rera da ƙarfi, "Raggo ya ga inuwa, a kai masa tabarma! An kai masa, ya kwanta!"

Yaya ya taso a fusace zai ƙwace gula. Ban san lokacin da na fito na tare shi ba. Ni ma zuciyata tafasa take, ji nake kamar in fasa gangar, amma na riga na ba da baki. Na ce, "Wallahi Yaya sai dai ka bi ta kaina." Muna cikin haka muka ji wata murya daga ɗaki, a dagule, kamar an ja tsohuwar ƙofa.

"Ƙarya!"

Makaɗi ya matsa kusa, ya ƙara wa kiɗan gishiri.

"Ƙarya... kake!"

Muka ruga ciki. Ya yaye mayafi, idanunsa jajur, yana dogara gwiwar hannu. Ya damƙi wuyan hannuna, ban san sauran ƙarfin nan yana jikinsa ba. Yaya ya shiga ta ɗaya ɓarin ba tare da kowa ya ce masa ba. Muka ɗaga shi. Ƙafar dama tana ja, gumi na zuba, ya kai bakin ƙofa ya dafe ta, ya zuba wa abokinsa ido kamar zai cinye shi. A nan take makaɗi ya juya gula ya koma "Bijimin gaba, ba ka waiwaye", shi ma fuskarsa sharkaf da hawaye. Baba ya saki ƙofa ya ɗaga hannun hagu sama, yadda yake ɗaga garma.

Tsayuwar ba ta fi a sha kofin ruwa ba, ya sulale muka tare shi. Da muka zaunar da shi ya dubi Inna ya ce, "Fura." Ya shanye ƙwarya guda.

Ba zan ce ganga ta warkar da shi ba. Magani yana sha, gashi ana yi, addu'a ba a fasa ba, hannun dama kuma bai dawo ba har yau. Abin da na sani shi ne daga ranar ya daina ture mu. Makaɗi ya riƙa zuwa duk Asabar, kullum yana ƙara ja da baya, Baba na bin sa da sanda yana zaginsa. Daga ƙofa zuwa rumbu, daga rumbu zuwa zaure. Kafin rani ya ƙare sun kai gonar bayan gida. 'Yan dubiya kuwa na kafa musu doka, duk wanda zai shiga ya shiga da labarin kasuwa ko na farashin taki, mai kuka ya yi abinsa a waje. An ce na cika tsiwa, ban musa ba.

Yaya bai sauka daga ra'ayinsa ba, ni ma ban sauka daga nawa ba. In ganga ta shigo yakan fita. Sai dai sandar da Baba ke dogarawa shi ya sayo ta daga Malumfashi.

Da damina ta zagayo Baba ya sa aka rage masa ƙotar wata ƙaramar fartanya. Da hannun hagu ya tayar da kunya ɗaya tak a gefen gonar, kwana tara yana yi. Ta fito a karkace kamar tafiyar maciji. Yaya ya ɗauko garma zai miƙar da ita, Baba ya nuna shi da sanda, ya mayar. Ya shuka dawa, ya nome ta da kansa, a zaune wani lokaci.

A al'adar gayya, in kaka ta yi, kowane manomi kan kai wa makaɗi dami daga abin da ya noma. Da aka yanke dawar Baba, duk abin da kunyar ta bayar bai fi tsintsiya biyu kauri ba. Inna ta ce a ƙara daga rumbu don kada a ji kunya, ya hana. Shi ya ɗaure da hannu ɗaya da haƙori. Na ce zan kai, ya girgiza kai, ya nuna Yaya.

Yaya ya karɓa ya ɗaure a bayan babur. Ya tayar ke nan Baba ya buga sanda a ƙasa. Ya daɗe yana haɗa kalmomin, mu duka muna jira, babu wanda ya taya shi.

"Ka ce mashi," in ji Baba, "raggo ne ya noma."