Lungun Mama Mabel

Lokacin da gwamnati ta kwaso kujerunta daga Legas ta dire a Abuja, Mama Mabel tana noman doya a bayan Kado. 'Yar Gbagyi ce, kuma matansu ba sa ɗora kaya a ka, sai a kafaɗa. Sun ce kai ya gaji da ɗaukar tunani, ba a ƙara masa.

A da, kafin ka cinye gasasshiyar masara ka isa gonarta. Sai masu hali suka iso. Kowa ya zagaye rukunin gidajensa da katanga, ƙofa ɗaya, mai gadi ɗaya. Tituna kam ga su nan baƙi wuluk, amma duk wanda ka bi sai ya kai ka bakin ƙofar wani ya tsaya, kamar baƙon da ya manta abin da ya kawo shi.

Abin da ya rage mata na hanyar zuwa gona wani lungu ne tsakanin katangu biyu, inda masu filin suka yi rigimar iyaka aka bar tsakiya ba na kowa ba. Mutum zai wuce a karkace. Daro a kafaɗa kuwa, ina!

Manniru, Bakatsinen da ke gadi a wurin, ya gaji da kallonta ya ce, "Mama, ki ɗora a ka mana. Katangar iyakarta wuya, daron zai bi ta sama."

"Kai ka ɗora ogan naka a ka. Wannan hanya ya girme babanka."

"Allah ya huci zuciyarki. To zagaya ta babban titi."

Ta zagaya sau ɗaya, gwiwoyinta suka yi mata yajin aiki. Daga nan sai ta riƙa ajiye daron a bakin lungu, tana rungumo doyar kamar jarirai, Manniru yana tsare mata yana mita. Kowace damina kunyoyin gonar sai raguwa suke.

Bara masu rigimar suka shirya. Aka yanka rago, aka haɗe katangun, har da ƙaya a sama. Kowa ya yaba da sulhun.

Yanzu a tsofaffin buhunan siminti take shuka doyarta, a ƙofar ɗaki. Daga nan tana hango bishiyar ɗorawar gonar ta saman rufin mutane.

Rannan Manniru ya biyo. "Mama, an haƙe?"

"An haƙe," ta ce, tana matsa gwiwa. "Ko daro ban nema ba."