Filin da Surukina Ya Nuna Mini

Tun ranar da surukina ya ajiye takardar nan a gabana ban ƙara yarda da shi ba, gaskiyar magana ke nan. Lokacin shekarata uku a Guangzhou, wajajen ƙarshen shekarun casa'in, ina sayen riguna da wandunan yara a kasuwar Shisanhang ina aikawa Kano. Mu baƙar fata ba mu da yawa a garin. Ka shiga motar haya kowa sai ya juyo, har wata tsohuwa ta taɓa shafa hannuna ta duba yatsanta ko ya yi baƙi. Matata 'yar garin ce, Musulma gaba da baya, a wani shagon yadi na same ta tana yi wa mai shagon tafinta. Muka yi aure, Allah ya ba mu 'ya mace, muna zaune a ɗaki biyu hawa na huɗu a unguwar Sanyuanli.

Abin da ke hana ni sakat shi ne biza. Duk bayan 'yan watanni sai na tattara na fita Hong Kong na nemi sabuwa, kuma duk fitar da zan yi ban da tabbacin dawowa. Ma'aikaci ɗaya ya tashi da fushin gidansa ya ce maka "meiyo", wato babu, shi ke nan an raba ka da matarka da 'yarka. Kullum zan tafi sai matata ta riƙe jakata a bakin ƙofa ta ƙi saki.

Surukin nawa mahauci ne, yana sayar da naman rago kusa da tsohon masallaci. Gajere ne, ba ya rabuwa da farar hula, ba ya dariya sai da dalili. Shekara guda cur ya yi yana ƙin auren nan kafin ya sauko. Da aka ɗaura kuma sai ya dinga zaunar da ni teburi ɗaya da shi, yana tsamo nama da tsinken cin abincinsa yana jefa mini a kwano. Haba! Ni da a gida ko hanya ba zan haɗa da suruki ba, ga ni muna sharɓar romo kafaɗa da kafaɗa. Don kunya, ban taɓa ƙoshi a gidansa ba.

A kan wannan teburin ya miƙo takardar, wata ranar Lahadi da rana. Ya yi dogon bayani da yarensu yana buga ta da yatsa. Na dubi matata.

"Baba ya ce ka nemi zama ɗan ƙasa," in ji ta da Turancinta. "In an ba ka, babu sauran biza."

"Duk surutun nan abin da ya faɗa ke nan?"

"Sai kuma fasfonka. A nan ba a riƙe biyu. Sai ka ajiye naku."

Na ce "shishe", na gode, na ninke takardar na sa a aljihu, amma zuciyata ta riga ta fara saƙe-saƙe. Mutumin da bai so ni ba, yau shi ke so na zama ɗan ƙasarsu? 'Yarsa ɗaya tal a duniya, jikarsa ɗaya. Na ce wato so yake ya ɗaure ni a gindin teburinsa don kada na wayi gari na kwashe su zuwa Kano. Kuma duk maganar da za ta shiga tsakanina da shi sai ta bi ta bakin 'yarsa. Shi ya yi minti biyar yana zuba, ita ta ba ni kalma goma. Ina sauran suke tafiya?

Ranar Juma'a bayan an sauko na kai maganar wurin Alhaji. Shi ne babbanmu, Bakano ne da ya riga kowa zuwa, kuma a ɗakinsa na otal muke haɗuwa shan shayi, mu da 'yan Nijar da mutanen zangon Kumasi. Ya juya takardar gaba da baya, shi ma ba ya karanta ko harafi ɗaya a ciki, ya ajiye ta nesa da kofinsa.

"Kai yaro, ka san yadda suke yi da gawa a ƙasar nan?"

Na ce, "Alhaji, surukaina Musulmi ne, binnewa suke yi."

"Su, an san da su. Ƙabilarsu a rubuce take a katinsu na shaida. Kai me za a rubuta a naka? Bahaushe? Ranar da ka cika, ma'aikaci zai duba kati bai ga ƙabilar Musulmi ba, ya tura ka gidan wuta. A ɗan tulu za a miƙo wa matarka kai."

Wani mutumin Kumasi ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin baƙin mutum da aka ba zama ɗan ƙasa ba, wahalar banza ce. Alhaji ya ce wannan ma shi ya fi ba shi tsoro, don in har aka ba ka to da abin da ake so a wurinka. Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "In ka karɓa, ka yi haƙuri, hira a gabanka ta ƙare. Akwai masu bizar da ta mutu a cikinmu." Kafin na tashi na lura mutum biyu sun sauya zancen da suke yi.

To ka ji. A gida ina zargin suruki, a waje ana zargina, alhali ko biro ban ɗora a takardar ba. Na cusa ta ƙarƙashin shaddodina a akwati. Wata biyu matata na tambaya ina cewa ina istihara. Ba istiharar da nake yi, tulun nan ne kawai yake yi mini gizo. Rannan muna karin kumallo ta matsa mini, sai bakina ya suɓuce na ce ni ba za a ƙona ni ba. Ta ajiye cokali ta dube ni. Na tabbata kafin azahar maganar ta isa rumfar nama.

Bayan kwana uku tsohon ya iso da sassafe da tasi. Aka bar jaririya wurin maƙwabciya, muka shiga mu uku. Na tambayi inda za mu, matata ta ce Baba ne ya sani. Na ce a raina yau kuma wace gadar zaren aka shirya mini. Na zaci ofis za a kai ni a sa ni sa hannu, har na tanadi ƙaryar cewa na manta fasfo.

Ashe maƙabarta ce, a jikin wani tudu a bayan gari. Kaburbura a jere sun fuskanci alƙibla, ga rubutun Larabci a duwatsu, wasu har sun yi gansakuka don tsufa. Wallahi na ji sanyi a raina da na ga haka. Tsohon ya tsaya a kabarin matarsa, wadda ta rasu tun kafin zuwana, ya ɗaga hannu, muka yi addu'a tare. Da a nan abin ya tsaya, da ƙila labarin nan ya sha bamban.

Sai ya matsa gefe, inda wani ɗan fili yake babu kowa, ciyawa a share. Ya taka shi daga kai zuwa ƙafa yana ƙirga taku. Ya juyo ya dube ni daga hula har takalmi, ya koma ya ƙara rabin taku. Sannan ya kama hannuna ya jawo ni ya tsayar da ni a tsakiya, yana magana yana dukan ƙirjinsa yana nuna ni.

"Me yake cewa?"

Matata ta ce, "Ya ce wannan wurin kansa ya tanadar wa, kusa da Mama. Ya ce ya bar maka. Zai gaya wa dattawan masallaci, ba mai ƙona ka. Shi zai nemi wani wurin."

Innalillahi! A garinmu wa ya taɓa nuna wa mai rai kabarinsa? Sai ka cika ake ɗaukar diga. Shekarata talatin da huɗu, ko ciwon kai ba na yi, an tsayar da ni a cikin ramina ana auna tsawona kamar tela zai yanka yadi. Na daka tsalle na fita daga filin. Na ce da ita, "Gaya masa na gode da fatan da yake mini! Wato har an gama shirin binne ni, saura na sa hannu?" Ba ta fassara ba, kuma bai nemi ta fassara ba. Ya tsaya kawai hannunsa a miƙe yadda na fizge nawa. Na gangara na bar su a can.

Yau da furfura a gemuna na san abin da mutumin nan ya ɗauka ya ba ni, kuma ina jin kunyar abin har cikin ƙashina. Amma ba zan yi ƙarya ba, ko yanzu akan yi ranar da nake cewa anya ba dabara ba ce irin ta tsofaffi.

Da la'asar matata ta dawo. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna tana shayar da yarinya ta ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka. In ka mutu, a ina kake so a sa ka?"

Na ce, "Kano. Kusa da mahaifina."

"To," in ji ta. Ba ta ƙara ta da zancen takardar ba.

Mako uku bayan haka bizata ta zo ƙarshe, na fita Hong Kong. Wannan karon ba ta riƙe jakata ba. Aka ja mini rai kwana tara kafin a buga mini. Da na dawo na tarar da wani ɗan littafi mai jan bango a kan teburi. Shi ne littafin da hukuma ke rubuta mutanen kowane gida a ciki, wanda sai da shi yaro ke shiga makaranta a matsayin ɗan ƙasa. Tun haihuwar yarinyar muke ɗaga maganar takardunta, ni ina cewa a bari na yi mata fasfo irin nawa.

Na buɗe. Ba na karanta rubutunsu, amma na gane lambobi. Shafin farko shekarar haihuwar tsohon ce. Na gaba ta matata. Na juya, sai ga ranar da aka haifi 'yata, tawadar hatimin ko dusashewa ba ta yi ba. Na ƙara juyawa, fari fat.

Na ce, "Ba ki jira ni ba?"

"Na jira."

"Ni ina shafina?"

Ta karɓi littafin daga hannuna ta rufe, ta ce, "Ba a rubuta baƙo a ciki."