Jaz a gidan Baba Yohanna

Ina tsakar gida ina watsa fenti ja da shuɗi a kan ƙyalle, sai ga Baba Yohanna, mai gidan da nake haya a Mahuta. Ya ƙura wa zanen ido, ba mutum ba bishiya.

"Malam, wannan fa?"

"Baba, jaz ne. Inda ya ja hannuna, nan nake bi."

Ya ja da baya. "Jaz? A gidana? Kwashe kayanka!"

Sai na tuna a bakin 'yan Kaduna, jaz asiri ne. Na yi maza na kunna masa kiɗan jaz ɗin da nake nufi a waya. Can sai ga Baba yana gyaɗa kai.

Ya ce, "To ai wannan ma asirin ne. Ƙara sauti."

Ku fa, wace kalma ta taɓa kusan raba ku da wurin kwana?