Ƙofar Ajin Zana

Masana tarihi suna cewa makomar al'umma takan rataya a kan shawara guda. Na yarda da su, domin tawa makomar ta taɓa rataya a kan inda ƙofar wani ajin zana za ta duba, kuma har in koma ga Allah ba zan manta da wannan mako ba.

Shekarata ta biyu ke nan da fara koyarwa, an turo ni wata lakwal, wato makarantar boko, ta ƙauye tsakanin Gure da Kelle. Ajina na zanar ciyawa ya faɗi tun damina, ga shi saura kwana goma sufeto ya zo ya ga darasina. Idan na ci, a tabbatar da ni a aiki. Idan ya tarar ba aji, sai baɗi, in da rai.

Mu uku ne malamai. Ni mutumin littafi ne, ban yarda da abin da ba shi da lambar shafi ba. Na zana taswirar sabon aji, na ce ƙofa ta dubi arewa don rana kada ta haske allo. Madam, mai ajin ƙanana, kafin ka gama tambaya ta gama amsa.

"Ƙanena, ƙofa ce fa, ba alƙibla ba," in ji ta. "A kafa kawai."

Direkta kuwa, shugabanmu, dattijo ne da bai taɓa cewa i ko a'a ranar da aka tambaye shi ba. Ya dubi taswirata, ya juya ta sama da ƙasa, ya kira ni yadda ake kiran malami da Faransanci, ya ce, "Mushe, zanen ya yi kyau. Bari mu gani."

Kwana uku muna gani. Kullum da hantsi sai ya ɗauki kujera ya zauna a filin da babu aji, kamar mai gadin iska. Ni kuwa ina ƙirga kwanaki. A raina na kira shi da sunayen da yanzu, da furfurata, nake jin kunyarsu.

Rana ta huɗu ya yafito ni. "Zauna nan. Ƙarfe nawa?"

"Goma saura."

"To, dubi arewarka."

Sai ga raƙuma da shanu sun biyo burtali za su rijiya, ayari guda.

"Ɗalibanka ƴaƴan masu dabbobin nan ne," ya ce. "Ka buɗe musu ƙofa nan, kai kana nahawu, su suna duba ko taguwar babansu ta daina ɗingishi. Littafinka ya faɗi wannan?"

Bai faɗa ba. Aka tsayar da kudu. Amma saura kwana shida, na tabbata an makara. Sai Madam ta yi dariya, ta kai mu bayan ajinta. Zana da itatuwa da igiya jibge. Tun ranar farko ta bi iyaye gida gida, ba ta nemi izinin kowa ba.

"Na san ku," ta ce. "Ɗaya na karatu, ɗaya na kallon shanu."

Kwana biyu aji ya tsaya. Sufeto ya zo, na yi darasi, na ci.

Abin da na koya shi ne, kada ka raina yadda abokin aikinka yake yanke shawara don kawai ba irin taka ba ce. Mai jinkiri ya ga abin da ban gani ba, mai gaggawa ta tanadi abin da dukanmu muka manta, taswirata kuma Madam ta kunna gawayin shayi da ita.

Yaran dai ta ramukan zana suka ci gaba da kallon raƙuma. Sufeton ma sai da ya leƙa.