Ƙanen Sanda da ke Konni

Shekara tara ke nan da rasuwar Sanda, ɗan dakon da ke kwana a rumfar da ke jikin tawa a kasuwar Illela, inda nake sayar da albasa. Ba ɗan'uwana ba ne, amma mun daɗe muna cin tuwo a kwano ɗaya, yana tsokanata wai albasa ta ƙone min hanci shi ya sa ban san daɗin miya ba.

Ƙusa ya taka wajen sauke buhuna. Ya fasa kafso ya barbaɗa a kan mikin, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da dako. Da ƙafar ta kumbura ta fara wari, muka tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya ce sai an kwantar da shi, amma fa sai da mai jinya, wanda zai karɓo magani, ya kawo abinci, ya kama shi zuwa banɗaki. Ban ga laifinsu ba, ma'aikatan ba su da yawa.

Na ce masa, "Wa za mu kira maka?"

Ya ce, "Mi na na damuwa, Alhaji? Ƙanena na nan Konni, na aika mai. Gobe shina tahowa."

Muka yarda. A garin nan wa ya rasa ɗan'uwa a tsallaken iyaka? Ya koma rumfa jira. Kullum muka tambaya sai ya ce yana hanya, har ciwon ya ci ƙarfinsa. Bayan jana'iza muka tura direbobi su nemo danginsa a yi musu gaisuwa. Mutanen Konni suka ce ai su ɗan Illela suka ɗauke shi. Babu wani ƙane. Kunya ce ta hana shi buɗe baki ya ce ba shi da kowa. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, da shi da mu duka.

Yanzu asibitin ya sha fenti, an sa fitilun hasken rana. Da Sanda zai gani, na san cewa zai yi an yi wa wurin kwalliya kamar gidan amarya. Amma tambayar farko tana nan yadda ya bar ta: ina mai jinyarka? Masu kwana a tasha da rumfuna kuwa sai ƙaruwa suke yi.

Bai bar ɗa ba, bai bar hoto ba, kabarinsa ma ba zan iya nuna maka ba. Abin da ya bari ɗaya ne. A layinmu, in mai kwanan rumfa ya kwanta ciwo, mun daina tambayarsa wa gare shi. Raba kwanakin jinya muke yi tsakaninmu, kowa ya rufe rumfarsa ranar da ta zo kansa. Wani tsoho da muka yi wa haka bara ya fito asibiti da ƙafafunsa.

Da Sanda ya kamata mu fara. Allah Ya jiƙansa.